Yadda ake sauya rediyon mota da lasifikoki ba tare da an ƙona waya ba

Wata Asabar da damina wani bawan Allah mai haya da Corolla ƙirar 2006 ya shigo rumfarmu a Agege, tsohuwar rediyonsa a kujerar baya, sabuwar kuma tana reto a bakin dashbod. A Alaba ya sayo ta, mai allon taɓawa, ya ba wani yaro a unguwarsu ya ɗaura masa.

"Malam, don Allah duba min," in ji shi. "A gabana aka yi. Ja da ja, baƙi da baƙi, rawaya da rawaya. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Yanzu ma fitilar cikin mota da agogo sun ɗauke."

Na leƙa na tarar an datse soket ɗin kamfani, wayoyi sun fi goma a tsaye tsirara. Na ce, "Alhaji, a wannan motar, ja da baƙi da rawaya duk na lasifikokin baya ne. Ko ɗaya babu mai wuta a cikinsu." Da rediyon ta ƙi kamawa, sai yaron ya shiga goga wannan waya da waccan yana neman tartsatsi, har fis ya ƙone. A Toyota da dama fis ɗaya ke riƙe da rediyo da agogo da fitilar rufi, shi ya sa suka tafi tare.

A nan yawancin ɓarnar take farawa. Masu ƙera rediyon kasuwa irin su Pioneer da Sony da Kenwood da JVC sun daidaita a kan launi ɗaya, amma masu ƙera mota kowa da nasa. A galibin Toyota na wancan zamanin, wayar da ke da wuta kullum shuɗiya ce mai ratsin rawaya, ta makulli ruwan toka ce, ta bodi, wato wadda ke haɗe da ƙarfen mota, kuma ruwan ƙasa. Saboda haka launin wayar mota ba hujja ba ne, mita, wato abin auna wuta, ita ce hujja.

Kafin ka fitar da kuɗi

Fara da sanin motarka. Dubi fuskar rediyo da murfin lasifikokin ƙofa. In ka ga tambarin JBL, kamar yadda ake samu a wasu Camry da Highlander da Sienna, ko Bose a wasu Nissan da Infiniti, ko Mark Levinson a Lexus, to akwai amfilifayar kamfani, wato abin ƙara ƙarfin sauti, a ɓoye, ƙarƙashin kujera ko bayan dashbod ko cikin but. Wayoyin da ke bayan rediyo wurinta suke zuwa, ba wurin lasifika ba. Irin wannan mota tana da soket na musamman, kuma gara ka san haka tun kana gida da ka sani bayan an kwance dashbod.

Akwai kuma motocin da rediyo ba ita kaɗai ba ce a mazauninta. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda muke kira EOD, maɓallan AC da rediyo a jikin allo ɗaya suke. Ka cire rediyo kai tsaye, ka rasa hanyar kunna AC, a garin da mutum kan yi awa biyu a gosulo. Mai irin wannan mota sai ya nemi fuskar da aka yi mata musamman, mai ɗauke da sarrafa AC, ko ya bar tsohuwar a wurinta ya ɗaura sabuwar a aljihun da ke ƙasa. Wasu Marsandi da BMW kuma da zaren haske sauti ke tafiya a cikinsu, ba da wayar tagulla ba. Waɗannan ba aikin gwaji ba ne, a kai wa wanda ya saba da su.

Ɗauki hoton soket ɗin bayan rediyo da wayarka, ka tafi da shi Ladipo ko Trade Fair ko Alaba, ka nemi soket ɗin haɗi na motarka. Gefe ɗaya yana shiga na kamfani, ɗaya gefen yana fito da wayoyi masu launin da sabuwar rediyo ta sani. Wannan ɗan abin shi ne rabin aikin, domin da shi ba sai an yanke komai a jikin mota ba. Ka haɗa da fuskar roba mai cike gefe, don ramin rediyon Toyota ya fi na gama-gari faɗi, da kuma mahaɗin eriya in bakin taka ya bambanta.

In tokumbo za ka saya, sa mai shago ya kunna ta ka murɗa tasha har ƙarshe. Rediyon da aka yi don kasuwar Japan daga 76 take farawa, tsofaffin kuma a 90 suke tsayawa. Ka ɗaura irinta, ba za ka ji Traffic Radio a 96.1 ba, balle ka san ko gadar Third Mainland ta cushe.

Kayan aiki ba su da yawa: mita, sukundireba, sifana mai lamba 10, filaya, abin fiɗe waya, ƙarfen dalma, robar da ke tsukewa in ta ji zafi, batirin tocila ƙarami mai bolt 1.5, da ledojin ɗaure waya. Don ɓalle robobin dashbod nemi abin ɓanɓara na roba. Sukundireba yana barin tabo, kuma robar motar da ta sha ranar Legas shekara da shekaru ba ta da haƙuri.

Kwancewa

Fitar da faifan da ke cikin tsohuwar rediyo tun tana da wuta. In Honda ce, tabbatar kana da lambar sirrinta, domin da zarar an cire batir za ta kulle, kuma wata rana za ka so mayar da ita. Sannan ka cire kan batir na nagetif. Ɓalle robobi a hankali, kana zuba kusoshi a gwangwani ɗaya.

Duk wayar da ka gani cikin rigar rawaya ko da soket rawaya, ta jakar iska ce. Kada ka cire ta, kada ka soka mata mita. In kuma fuskar da ka ɓalle tana ɗauke da maɓallin fitilar haɗari ko alamar jakar iska ta fasinja, mayar da soket ɗinsu kafin ka murɗa makulli, in ba haka ba fitilar gargaɗi za ta kama a dashbod, a wasu motocin sai an sa kwamfuta kafin ta mutu.

Wayoyin wuta

A jikin sabuwar rediyo, rawaya ita ce ta batir, tana son wuta dare da rana don riƙe agogo da tashoshi. Ja ta makulli ce, ita ke gaya wa rediyo ta tashi ko ta kwanta. Baƙa ta bodi ce, wadda 'yan rewaya ke kira at. Ruwan goro ta fitila ce, tana rage hasken allo da dare.

Ko da ka sami soket ɗin haɗi, auna. Mayar da batir, sa mita a kan bolt 20 na DC, ɗora baƙin tsinkenta a kan ƙarfen mota marar fenti. Makulli na aljihunka, bi ramukan soket ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nuna wajen 12.6 shi ne na rawaya. Murɗa makulli zuwa ACC, matakin da rediyo ke kamawa ba a tada inji ba, ramin da ya tashi daga sifiri zuwa 12 shi ne na ja. Kashe, ka ga ya koma sifiri. Yanzu kunna ƙananan fitilu, ka nemo wanda ya sami wuta, ka yi masa alama da tef.

Wannan alamar tana da dalili, kuma tarko ne da na ga ya kama har waɗanda suka daɗe a sana'a. Wayar fitila, in fitilu suna kashe, tana nuna wa mita kamar wayar bodi ce, saboda tana zagayawa ta cikin ƙwayayen fitila ta isa ƙarfe. Sai mutum ya ɗaura mata baƙar waya, rediyo ta kama da rana lafiya lau, a biya kuɗi a rabu. Da magariba direba ya kunna fitila, rediyo ta ɗauke, fis ɗin fitilun baya ya ƙone, yana tsakiyar titin Ikorodu babu wanda ke ganinsa daga baya. Don haka ake fara gano ta fitila kafin a nemi ta bodi. Ni ma dai na fi son in ja baƙar waya in ɗaure ta da noti a ƙarfen da ke bayan dashbod, bayan na kankare fenti. A tsofaffin Nissan da yawa dole ma ka yi haka, domin soket ɗinsu ba shi da wayar bodi sam, rediyon kamfani ta jikin ƙarfen da aka ɗaure ta take samu.

Ka guji fitilar gwaji mai ƙwai a motocin zamani. Tana jan wuta, kuma a bayan rediyo akwai siraran wayoyin da kwamfutocin mota ke magana ta cikinsu.

Motocin Turai suna da nasu salon. Soket ɗinsu na ISO iri ɗaya ne a ido, amma Volkswagen da Audi da Opel sun musanya rami na 4 da na 7, wato wutar kullum da ta makulli. Alamar ba ta ɓuya: rediyo tana aiki, amma duk lokacin da ka kashe mota sai ta manta tashoshi da agogo. Masu Golf sun san wannan ciwon. Maganinsa minti ɗaya ne, domin yawancin soket ɗin haɗi suna da mahaɗi a tsakiyar ja da rawaya, ka zare ka musanya.

Daga Golf 5 zuwa sama, da sauran motoci masu tsarin CAN, wato wanda kwamfutocin mota ke magana da juna ta cikinsa, za ka iya auna kowane rami ka rasa wutar makulli. Babu ita ne. Kwamfutar mota ke aika wa rediyo saƙo ta tashi. Ko ka sayi ɗan akwatin da ke fassara saƙon ya fitar da jar waya, ko ka jawo wuta daga akwatin fis, a layin da ka tabbatar da mita yana mutuwa in an zare makulli, ka sa masa fis nasa.

Abin da ba na yi, ko mai mota ya roƙa, shi ne murɗe ja da rawaya wuri ɗaya a kan wutar kullum. Rediyo za ta kama, amma ba za ta yi barci ba, musamman mai allon Android. Mota ta kwana biyu a ajiye, ranar Litinin da asuba sai turi. Haka kuma fis ɗin da ke bayan rediyo, galibi amfiya 10, in ya ƙone a sa irinsa. Wanda ya naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa, ya mayar da wayoyin dashbod su ne fis.

Shuɗiya da shuɗiya mai ratsin fari

Waɗannan biyun kama suke yi, aikinsu daban. Shuɗiya zalla ta eriya ce. Motoci da yawa eriyarsu siraran layuka ne a gilashin baya, da ɗan abin ƙara ƙarfi da ke son bolt 12. In ba a haɗa shuɗiyar ba, tasha za ta kama a Ikeja ta koma shuu kafin ka kai Sango. Sau da yawa ana zargin sabuwar rediyo da rashin kamu, alhali waya ɗaya aka bari a naɗe.

Mai ratsin fari ita ke tada amfilifaya. In aka yi kuskure aka ɗaura amfilifaya a kan shuɗiya zalla, a rediyoyi da dama sauti zai fito muddin kana kan FM, da ka koma Bluetooth ko filashi sai tsit, domin rediyo tana yanke wutar eriya in ba tasha ake ji ba. Duk wanda ya zo min da wannan ƙorafin, nan nake fara dubawa.

Mai JBL ko Bose yana da hanya biyu. Ko soket na musamman da ke tada amfilifayar kamfani ya miƙa mata sauti daidai ƙarfin da take ɗauka, ko a tsallake ta gaba ɗaya, a ja sababbin wayoyi daga rediyo zuwa inda wayoyin lasifika ke fita daga jikinta. In ka zaɓi tsallakewa, auna lasifikokin kamfani tukuna. Da yawansu om 2 ne, wasu na Bose ma ƙasa da haka, rediyon kasuwa kuwa om 4 zuwa 8 aka yi ta ta ɗauka. Za ta yi zafi, ta riƙa yankewa, daga ƙarshe ta ƙone. Lasifikar om 4 takan nuna uku da ɗoriya a mita, wannan daidai ne.

Lasifikoki

Wayoyi takwas ne, biyu-biyu. Fari na gaba hagu, ruwan toka na gaba dama, kore na baya hagu, shunayya na baya dama. Mai ratsin baƙi a kowane biyu ita ce nagetif.

In an riga an yanke soket, kamar na mutumin Corolla, da batirin tocila ake gano su. Bayan ka ware wayoyin wuta ka rufe bakinsu, ɗauki biyu daga sauran ka taɓa su a kan batirin, taɓawa ɗaya ka ɗauke. Za ka ji ɗan ƙwas daga wata ƙofa. Sa yaronka ya kalli takardar lasifikar: in ta turo waje, wayar da ke kan fozitif ɗin batir ita ce fozitif. In ta shige ciki, juya. A motar da ke da amfilifaya ba za ka ji komai daga bayan rediyo ba, sai ka je bakin amfilifayar. Kuma kada a yi wa 'yan ƙananan lasifikoki masu siririn sauti wannan gwajin kai tsaye.

Juya fozitif da nagetif ba ya ƙona komai, shi ya sa ake raina shi. Amma in ƙofar hagu tana turawa ta dama tana ja, kaurin sautin sai ya cinye juna. Ka sayi lasifika mai tsada, ka sa karatu ko wa'azi, muryar malam ta fito siririya kamar daga cikin gwangwani, ba ka san ta ina take zuwa ba. Gwajin mai sauƙi ne. Karkata sauti gaba ɗaya zuwa hagu, sannan ka dawo da shi tsakiya. In ya fi kauri a gefe ɗaya fiye da tsakiya, ɗaya a juye take.

Nagetif ɗin lasifika ba ta bodi ba ce. A rediyon zamani duka wayoyin biyu suna ɗauke da sauti, in ɗaya ta taɓa ƙarfen ƙofa, rediyo za ta yi shiru ko abin da ke ƙara sautinta ya ƙone. Kada kuma a haɗa nagetif na lasifika biyu wuri ɗaya. Tsofaffin motoci da aka yi musu haka tun asali, sai an ja sabuwar waya.

Ga wani abin da ke rikita mutane a Toyota da dama, har da Camry ta 2007 zuwa 2011. Wayar lasifikar ƙofa ta cikin soket ɗin ƙaramar lasifikar dashbod take bi. Ka zare ƙaramar don za ka sauya ta ko don ta fashe, sai ta ƙofa ma ta mutu, ka kwance ƙofa kana neman abin da ba ya can. Soket ɗin ramuka huɗu gare shi, biyu shiga biyu fita. In ba za ka mayar da ƙaramar ba, haɗa shiga da fita, kowace da 'yar uwarta. In za ka sa sabuwa, kada ka manta da kafasitar da ke tare mata kaurin sauti, in babu ita ba ta daɗewa.

Wajen ɗaurawa, sauke gilashi har ƙasa kafin ka gwada zurfin, domin maganaɗisun sabuwar lasifika yakan fi na kamfani tsawo, gilashi ya sauko ya doke shi. Na Toyota da dama da ƙusar rifit ake kama su, sai an huda da injin huji, sannan a sa zoben da zai karɓi mai inci 6.5. Zoben roba nake sa wa. Na katako yana shan ruwa, kuma cikin ƙofa a Legas daga Afrilu zuwa Oktoba ba ya bushewa. Saboda wannan dalilin, ledar da ka tarar manne a jikin ƙofa ka mayar da ita yadda take, ka kuma juya bakin wayoyin lasifika su kalli ƙasa.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Rediyon da aka rubuta wat 50 sau 4, abin da take bayarwa a tsaye bai wuce wajen 20 a kowace lasifika ba. Lasifika mai sauƙin tashi ta fi dacewa da ita a kan mai nauyin da sai da amfilifaya.

Haɗin kansa

A kan tebur ake haɗa soket ɗin rediyo da na haɗi, ba a cikin mota ba. Zura robar tsukewa, murɗa wayoyin, narka dalma ta shige ciki, ja robar ka gasa ta. Murɗawa da baƙin tef kawai ba ya kai shekara a nan. Zafin dashbod yana narka gam ɗin, ramukan hanyar Apapa su girgiza sauran. Duk wayar da ba ka yi amfani da ita ba, rufe bakinta ita kaɗai. In za ka sayi ƙarin waya, kankare bakinta da wuƙa: in cikin ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, gishirin iskar teku yana cinye shi da wuri.

Mai allon Android yana da ƙarin wayoyi, kuma a nan rubutun da ke jikinsu za ka bi, don ba duka ke bin launin da na faɗa ba. BACK tana zuwa wutar fitilar ribas. KEY1 da KEY2 na maɓallan sitiyari ne, sai an koya wa allon kowane maɓalli a cikin saiti. BRAKE ta birkin hannu ce, tana hana bidiyo in mota na tafiya. Da yawa suna ɗaure ta a bodi don fim ya riƙa yi kullum. Ni a birkin hannu nake sa ta, domin na ga yadda ɗan okada ke fitowa daga inda ba a zata ba. Kyamarar baya ta kamfani kuma a auna kafin a ba ta wuta. Ta Toyota da yawa bolt 6 take ci, ka ba ta 12 ta tafi nan take, sai da ɗan abin rage wuta. A saitin rediyo kuma zaɓi yankin Turai ko Afirka, saboda tazarar tashoshin Amurka daban ce.

Kafin ka ɗaure kusa ko ɗaya

Jona komai, rediyo tana kan cinyarka. Kunna, kashe, zare makulli, jira minti biyu, sake kunnawa ka ga ko ta riƙe tasha. Kunna fitilu. Zagaya da sauti kusurwa huɗu, kowace ta amsa daga inda ya kamata. Gwada FM da Bluetooth da filashi. Sa ribas. Sauke kowane gilashi ka ɗaga. Danna fitilar haɗari da AC.

Sannan tada inji ka taka totur. In ka ji wani siririn kuka yana hawa da sauka tare da inji, daga altaneta yake shigowa, kuma galibi wayar bodi ce ba ta kama da kyau ba. Gajarta ta, sake kankare ƙarfen. In ka ƙara amfilifaya taka, wayar sauti ta bi gefe ɗaya na mota, babbar wayar wuta ta bi ɗaya gefen, fis ɗinta kuma kada ya yi nisa da batir fiye da santimita 45.

Gwaji na ƙarshe na batir ne. Kashe komai, rufe ƙofofi, ba motar kamar minti 20 kwamfutocinta su kwanta, sannan ka sa mita a kan amfiya tsakanin kan batir na nagetif da wayarsa. Mota lafiyayya ba ta cika wuce miliamfiya 50 ba. In ka ga ya haura sosai, zare soket ɗin rediyo ka ga ko zai faɗi. Kada ka tada inji mita tana wannan matsayi.

Mutumin Corolla sai da muka aika Ladipo aka yanko mana soket daga wata motar da aka farke, muka dalmace shi waya bayan waya, ya koma yadda kamfani ya yi, sannan muka jona na haɗi a kai. Tsohuwar rediyon na sa ya naɗe ta a leda da kusoshinta ya ajiye a gida, don ranar da zai kai motar kasuwar Berger ya sayar, a minti goma za a mayar da ita ya riƙe allonsa.